Mun Kai Malam Siddiq Gida

Assalamu alaikum. Malam Liman, shugaban ƙungiyarmu Alhaji Ɗan Juma, dattawan da suka taso tun daga Lyon, iyayenmu mata, ɗaliban marigayi, da danginsa na nan da na Damagaram, sannunku da zuwa, sannunmu da haƙuri.

An ce in yi magana don na fi kowa daɗewa da Malam Siddiq. Da an bar ni da zaɓina, da can baya zan zauna.

Ya kasance malamin jami'a a Lyon, amma duk zuwansa Paris a shagona na Château Rouge yake yini, zaune bisa dilar atamfa. Ya kasance mai raka baƙo asibiti ya yi masa tafinta, ko bai san sunan ubansa ba. Ya kasance in ƴan kasuwa biyu suka daina gaisawa, sai ya gayyace su cin tuwo bai gaya wa kowa ɗayan zai zo ba. Kuma ya kasance mutum mai zance ɗaya, kun san zancen: Waziri.

Ga waɗanda ba su sani ba, wani mawaƙi ne da ya yi zamani a ƙasar Sipaniya ɗaruruwan shekaru da suka wuce, yana kuma riƙe wa sarkinsa mulki. Malam ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin waƙoƙinsa, yana mayar da su Hausa. Mu kuwa muka laƙaba masa sunan. Da mun hango shi ya fito daga tashar jirgin metiro sai wani ya ce, "Waziri ya iso, a ƙara ruwa a shayi, yau sai magariba."

A yadda Malam ke ba mu labari, mutumin ya hana sarakuna biyu yaƙi da bakinsa kawai. Daga baya magauta suka shiga tsakaninsa da sarki, aka kore shi, ya ƙare a garin baƙunta shi da ƴarsa. Da ciwon ajali ya kama shi, sarki ya huce, ya aiko a dawo da shi, ko da gawarsa ce, a binne shi cikin manya. Sai ya yi waƙarsa ta ƙarshe, ya roƙa a bar shi a bakin hanyar da ƴarsa ke bi. In Malam ya kawo nan sai ya cire gilashi ya ce, "Alhaji, ka ji ko? Mutumin nan ya san abin da yake yi." Ni kuma ina aunon yadi, in ce, "Na ji, Malam."

Ban ji ba, jama'a. Ba wanda ya ji a cikinmu.

Ranar da ya cika a asibiti a Lyon, muka yi abin da muka iya. Kun san mu. In namu ya rasu, nan da nan mun kira gida, mun samo akwati, mun kama wuri a jirgi. Abin alfaharinmu ke nan, ba mu barin namu a ƙasar sanyi. Latifa, ƴarsa tilo, haifaffiyar Vaulx-en-Velin da ke gefen Lyon, ta tare mu a barandar asibiti, Hausarta na kakkaryewa, ta ce, "Tonton," wato Kawu, "Baba ya ce kusa da Mama." Mahaifiyarta, Hajiya Maimouna, a maƙabartar can take kwance. Wani ya ce mata, "Ke yarinya ce, bari manya su yi aikinsu." Ba zan faɗi sunansa ba, don dukkanmu muka gyaɗa kai.

Mun kai shi Damagaram. An yi masa salla, sahu har bakin titi, muka dinga tura wa juna bidiyo muna sa wa kanmu albarka. Latifa na da tsohon ciki, likita ya hana ta hawa jirgi. A waya ta ga jana'izar ubanta. Ranar Juma'a ta hau bas ta je kabarin uwarta, ta tarar wurin da ke gefe, wanda Malam ya taɓa nuna mata da yatsa, an sa wani.

Kujerar nan ta gaba da ba kowa a kai, ta Latifa ce. Na kira ta, ta gaishe ni da ladabi yadda ya koya mata, sannan ta ce, "Tonton, ku yi taronku. Ni a ina zan tsaya in gaishe shi?"

Latifa, za a aika miki da wannan jawabi. Kunya muke ji, ƴata, kunya mai nauyi. Ubanki ya yi shekaru yana gaya mana wasiyyarsa a gaban kowa, muka ɗauke ta hira. Ba mu ce ki yafe mana yau ba. Dattawa, ina roƙonku, gobe in an yi rasuwa, kafin a kira gida a fara tambayar ƴaƴan mamaci, kuma a tsaya a ji amsa.

Mun gode wa duk wanda ya bar shago da aji ya zo. Allah ya jiƙan Malam Siddiq, ya yalwata kabarinsa, ya haɗa shi da Hajiya Maimouna inda ba mu da ikon raba su. Allah ya sauki Latifa lafiya, ya sanyaya mata zuciya. Bawan Allah kuma da aka kwantar a wurin nan, ba mu san sunansa ba, Allah ya jiƙansa shi ma. Amin.