Mai Facin da Muka Kira Alƙali

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Malam Liman, dattawan layinmu, shugaban ƙungiyar masu faci, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, jama'a maza da mata, sannunmu da wannan rashi.

An ce in yi magana saboda shagona na ɗinki na jikin rumfarsa. Matasa ba za su yarda ba, amma lokacin da ya zo layin nan, ya kasance mutum mai zafin kai. Na ga ranar da ya jefi wani direba da sifana a kan magana ɗaya.

Wata rana mahauci da mai shayi suka kaure a gabansa. Ya shiga tsakani ne kawai don kada su tuntsurar masa da bahon ruwan gwada taya. Wata tsohuwa mai wucewa ta ce, "Ashe muna da alƙali." Sunan ya bi shi. Muka riƙa kawo masa rigimar haya, ta kwata, har ta miji da mata.

Ya kasance yana sauraro yana goge tayar da ke hannunsa, ba ya katse kowa. Ya kasance idan ya ce a bari, an bari. A kusa da bencinsa muka koyi sassauta murya. Ya taɓa ce min, "Tela, ni fa ba haƙuri ne da ni ba. Ku kuka laƙaba min, na ji kunyar ƙaryata ku."

To, layi ya canza. Yawancin dattawa suka ƙare, baƙi suka cika gidajen haya. Bara wasu samari biyu suka zare wuƙa, ya taso da sandarsa. Ɗayansu ya ture shi ƙasa ya ce, "Tsoho, wa ya sa ka?" Jama'a na kewaye, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Ya tashi da kansa, ya kakkaɓe riga, ya koma benci. Ya ce min, "Ashe dai mai faci ne ni."

Daga ranar bai ƙara raba kowa ba. Tsohuwar zuciyarsa ta dawo, kuma a gida ta sauka.

Uwargida, mun san abin da kika haɗiye a watannin nan. 'Ya'yana, kada ku auna mahaifinku da tsawar ƙarshe. Mutumin da ya raine ku shi ne na gaskiya, sai dai ɗaukarsa ta fi ƙarfin mutum ɗaya, layi guda ne ya riƙe shi.

Ban san wa zai gaje shi ba. Ina duba yaranmu, ban ga wanda muke kira da sunan kirki ba, balle ya ji kunyar ƙaryata mu.

Mun gode da zuwanku. Allah Ya gafarta masa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Mu da muka rage a layin nan, Allah Ya dube mu. Amin.