Tuwon Aljanun Mulanje

A tashar motar da ke gindin Dutsen Mulanje, wani tela mai suna Likoswe yana zaune da ƙafa ɗaya a naɗe da bandeji, wata mai ayaba tana ta faɗa a gefensa.

"Duk wanda ya ɓata a dutsen nan, a sa shi ya biya kuɗin nemansa! Kwana biyu maigidana yana cikin masu neman wani sakarai da ya hau da silifas."

"Haba Iya, ai rai ba a yi masa kuɗi. Kuma ba silifas ba ne, sandal ne."

Ta dubi ƙafarsa. "Ka san shi ke nan?"

"Labari na ji. An ce ma mutanen ɓoye ne suka cece shi. Yunwa ta kusa kashe shi, sai ga tuwo da wake a kan dutse, da ɗuminsa. Kin san ƙa'idar abincinsu, shiru ake ci, ba a kiran kowa. Yana jin ana ƙwala masa kira, ya ƙi amsawa sai da ya suɗe kwano."

"Shuɗin kwano, mai lotsattsen murfi?"

"Shi fa! Ke ma kin taɓa..." Likoswe ya haɗiye sauran.

"Ni ce aljanar, bawan Allah. Maigidana ya ajiye ya tafi kiranka, ya dawo ya ce min biri ya ɗauke. Na ce ƙarya yake, wata ya kai wa. Yau kwana huɗu ba na kula shi." Ta cafke hannun rigarsa. "Ceto kyauta ne, na yarda. Tashi mu je ka gaya masa kai ne birin."