Gatarin Gidan Mai Kifi

A kasuwar bakin teku a tsibirin Malaita, inda mutanen dutse ke musayar gwaza da kifi, na ji wata mai kifi tana tsokanar wata tsohuwa mai gwaza.

"Iya, zauna mana. Sai waige-waige kike."

"Ina na ga ta zama, ga jirgi a ruwa? Miƙo kifin in koma kan dutse."

"Ba ki da namijin da zai sauko miki da kaya?"

"Akwai ƙanena Aumae. Shekaru ya yi yana saran rake a ƙasar Turawa, yana shan bulala. Tun da ya dawo bai sake taka yashi ba. Da ya hango jirgi daga can sama sai ya shige daji, ko abinci ba ya ci."

"Haba! Ai an daina kamun mutane."

"Je ki gaya masa. A nan Turawan jirgi suka kama shi, ya sauko da gwaza."

"Au, yaron nan mai tabon ƙuna a wuya? Ai babana kullum yana mita, wai gatari ɗaya tal Turawan suka ba shi a kan..."



Tsohuwar ta kwashe gwazarta, ta mayar kwando.

"'Yata, gatarin yana ci har yanzu?"