Silifas ɗin Ishaku da bakina

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, manya da ƙanana. Ni ce Kaka Rahila ta nan Konni. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, matar fasto ce ke rubuta abin da nake faɗi, kuma na ce mata kada ta rage komai, ko da da zafi.

Tun da abin nan ya faru nake jin ana cewa, "Shaiɗan ne ya tare su a hanya." Wasu su ce maƙiya. Ku daina! Duk sa'ad da na ji haka sai raina ya ɓaci. Takalmi ne, da bakina.

Mu bakwai ne, matan zumunta, muka tashi zuwa Malbaza barkar haihuwa. Ɗana Ishaku ne ke tuƙi. Ni aka sa gaba, don ni ce babba. Mun fita gari kaɗan, sai jandarma ya ɗaga hannu. Baƙo ne, Hausarsa ma ba ta zauna ba. Ya dubi takardu, lafiya. Sai ya leƙa ƙasa, ya ga silifas na roba a ƙafar Ishaku, duk sun cinye.

Ya ce, "Direba, wannan ba takalmin tuƙi ba ne. Doka ta ce ka zama da ikon motarka kowane lokaci. Takalmin da bai kama dunduniya ba yana suɓucewa. Koma ka sake."

Ishaku har ya kama hanyar juyawa. Ni ce na hana! Na leƙo ta taga na ce, "Kai yaro, mi ka sani? Ɗan nan yana tuƙi tun kana tsotson nono. Takalmi ka tuƙa mota ko mutum?" Har na kwaikwayi Hausarsa, mata suka yi dariya.

Ya dube ni ya ce, "Mama, ranku nake ji." Ya ga furfura, ya ji kunya, ya matsa gefe. Ni kuwa na gyara zama kamar na ci yaƙi.

Muka yi tafiya, muka yi tafiya, muna waƙa. Can gaba wata babbar motar siminti ta tsaya, shanu na ƙetare hanya. Ishaku ya ɗaga ƙafa zai taka birki, silifa ta zame, ta naɗe ƙarƙashin ƙarfen. Ya taka, ya taka, mota ba ta ji ba!

Ya ce, "Inna, birki ya ƙi!"

Na ga bayan motar nan yana girma a idona. Bakin nan da ya yi zagi, shi ne ya buɗe. Na ce, "Yesu, ni na yi laifi, kada ka kama matan nan da shi! Ka cece mu!"

Ishaku ya shure takalmin, ya fitar da shi daga ƙarƙashin birki. Ya taka da ƙafa tsirara, ya karkata kan mota, muka faɗa cikin yashi gefen gonar gero. Muka tsaya. Ba wanda ya mutu. Haleluya!

Amma Saratu, wadda ke zaune bayana, ta karye a hannu. Gwauruwa ce, da hannun nan take suyar ƙosai ta ciyar da 'ya'ya huɗu. Wata biyu ba ta taɓa kasko ba. Saboda mi? Saboda tsohuwa ba ta son a gyara ɗanta gaban mutane. Na je na durƙusa mata, ta yafe. Na nemi jandarman nan, aka ce an mayar da shi wani gari. Har yau ban san sunansa ba.

To ku saurara. Ranar Lahadi ina ganin ku, masu mota da masu babur, kuna shigowa da silifas, ga mata da 'ya'ya a baya. Wani ma da takalmin biki mai santsi! In na yi magana ku ce, "Kaka, Allah na tsarewa." I, yana tsarewa, ni shaida ce. Amma kafin ya tsare mu a cikin yashi, ya riga ya aiko mana gargaɗi a bakin hanya, na kore shi. Kada ku gwada Ubangiji kamar yadda na yi.

Na gode wa Yesu da ya ji kukan mai taurin kai. Ku dogara gare shi da dukan zuciya, ku ɗaure takalminku, sa'an nan ku ɗauki 'ya'yan mutane. Amin.