Zafin Shi Ne Aikin

An ce akwai wani man shafawa a kasuwa wanda ko fatar jariri ba ya ƙonawa, wai fuskar mai sayar da shi ce shaida. Ban yarda ba, sai na je na zauna a bencin gefen rumfarta. Ina nan wata budurwa ta iso, kumatu duk ƙuraje.

"Hajiya, dubi abin da manki ya yi mini. Gobe zan fara aiki a otal, da wannan fuskar zan tarbi baƙi?"

"Haba ƙanwata, ai zafin shi ne aikin. Datti yake fitarwa. Man da ba ya raɗaɗi ai ruwa ne."

"Na gaya miki fatata ba ta son wargi."

"Ƙara shafawa, safe da yamma. Dube ni mana, kamar ɓararren ƙwai."

Budurwar ta buɗe kwalbar, ta lakato. "To bismillah, kawo kumatunki."

Mai rumfar ta ja da baya har ta ture kwalabe.

"Ke, rufa mini asiri! Fuskar tawa za ki ɓata? Ni tun ina yarinya basilin kawai nake shafawa."