Shekarar da Soja Suka Ce Ban Yi Ba

Salama a gare ku 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Ku amsa da ƙarfi mana! Yau na zo da farin ciki, kuma ba zan riƙe shi ni kaɗai ba.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Bitrus, mutumin Wusasa, direban bas a nan Bronx. Ga matata can, Maman Alheri, cikin 'yan zumuntar mata, tana harara ta don ta san zan tona mana asiri.

Ban da tuƙi, na yi aikin sojan ko-ta-kwana, wanda a nan ake ce wa Rizab. Kana aikinka na kullum, amma ƙarshen mako ɗaya a kowane wata ka sa kaki ka je atisaye, a shekara kuma ka yi mako biyu a sansani. In yaƙi ya taso a kira ka, kuma an kira ni na je. Kowace ranar aiki tana da maki. In ka haɗa maki hamsin a shekara, an ƙirga maka ita. In ka tara irin waɗannan shekaru ashirin, ranar da ka cika sittin a duniya kana da fansho, kana da asibiti kai da matarka. Asibitin nan shi ne abin da na sa wa ido, domin Maman Alheri tana fama da ciwon suga, kuma kun san kuɗin magani a ƙasar nan ba wasa ba ne.

Na ƙirga da yatsuna na ga ashirin, na ajiye kaki. Abokan aiki suka ce in jira takardar tabbaci tukuna, na ce ni ba yaro ba ne, na iya lissafi. Har godiya muka yi a majami'ar nan. Da yawanku kun ci shinkafar, wasu har da guzuri!

Sai ga amsa ta zo: shekara goma sha tara. Ɗaya ba ta cika maki ba. Komawa kuwa babu hali, shekaruna sun riga sun wuce.

'Yan'uwa, na yi fushi. Fushin da har fasinja ya ce mini barka da asuba in ji kamar zagina ya yi. Na daina zuwa zumuntar maza. Ran Lahadi in zauna can baya kusa da ƙofa, ana albarka in sulale, don kunyar mutanen da suka taya ni rawa. Na buga waya har kunnena ya yi zafi, na rubuta ƙorafi zuwa hukumar da ke gyara bayanan sojoji. Amsa ɗaya ce ko'ina: kawo shaida. To shaidar me zan kawo? Shekarar da suke magana ita ce shekarar da Baba ya kwanta ciwo, na nemi izini na tafi gida, na yi watanni har muka binne shi. Atisaye da yawa sun wuce ni, sansani ma ya wuce ni. Gaskiyarsu ce, kuma wannan ne ya fi ci mini rai.

Wata Asabar da safe ina zaune a kicin ina huci kan shayi, Maman Alheri ta ajiye ludayi ta ce, "Baban Alheri, ka kai ƙara ko'ina, saura wuri ɗaya. Tashi mu durƙusa."

Na ce gwiwata na ciwo. Ta ce, "Tawa ma na ciwo. Durƙusa."

Addu'ar da na yi ran nan ba ta da ado ko kaɗan. Na ce, "Ubangiji, na gaji. In shekarar nan ta tafi ke nan, ka cire mini ɗacin nan daga zuciya, ka kula mini da matar nan. In kuwa tana nan wani wuri, ka nuna mini, don ni ban gan ta ba." Na yi kuka kamar yaro. Da na tashi ba abin da ya canja a takarda, amma na ji ƙirjina ya yi sauƙi.

Cikin makon nan wani tsoho da ya saba shiga bas ɗina kullum ya rasu, tsohon soja ne. 'Yarsa ta tsaya a tasha ta gaya mini. Na je jana'izar, domin mu ba a gaya mana mutuwa mu zauna. Muna maƙabarta sai na ji an busa begila. Tun kafin in waiwaya na gane mai busawar. Saje Kolman ne, tsohon shugabana, gashi ya yi fari fat amma numfashin na nan.

Bayan an watse ya rungume ni, ya kira ni da sunan da suke kirana a soja, ya ce, "Pita! Ina ka shiga? Yaya ritaya?"

Na ba shi labari. Ya tambaye ni wace shekara ce, na gaya masa. Sai ya ce, "Ba ita ce shekarar da ka dawo daga Afirka ka hana kowa sakat ba? Kowace jana'iza sai da kai?"

Haka ne kuwa. In tsohon soja ya mutu, rundunarmu takan tura mutane cikin kaki su naɗe tuta su miƙa wa iyalinsa. Da na dawo daga binne Baba zuciyata a jiƙe take, kuma hutuna na bas a tsakiyar mako yake faɗawa, lokacin da sauran suke wurin aiki. Duk sanda Saje ya nemi mai zuwa, hannuna na sama. Cikin sanyi, cikin ruwa, mun zaga maƙabartun birnin nan.

Ya ce, "Takardun da nake miƙa maka bayan kowace jana'iza fa, ka cike ka kai ofis?"

Na ce, "Na zubar, Saje."

"Ka yi me?"

Na yi masa bayani. A garinmu in an yi mutuwa, samari ne suke ɗaukar diga da shebur su haƙa kabari, ba mai ba su ko sisi, kuma wanda ya miƙa hannu ya jawo wa gidansu abin faɗa har jikoki. Kabarin Baba ma haka aka haƙa shi. Ni da na ga takardar tana maganar ɗan alawus, sai na ji tsigar jikina ta tashi. In ci kuɗin binne mutum? Nakan karɓa don girmama Saje, in na kai tashar jirgin ƙasa in jefa a kwandon shara.

Tsohon nan ya ajiye jakar begilarsa a kan mota, ya riƙe kai da hannu biyu. Ya ce, "Pita, kuɗin ka bar musu in ka ga dama. Amma kowace rana a cikin ranakun nan maki ce! Aikin soja ka yi!"

Halleluya! 'Yan'uwa, a tsakiyar kaburbura na tsaya ina dariya ina hawaye, mutane na kallona.

Amma aiki bai ƙare ba. Saje ya rubuta shaida da rantsuwa, sai dai ya ce bakin mutum ɗaya ba zai isa ba, sai mun nemo abin da zai nuna ranakun. Wasu gidajen shirya gawa sun duba mana suka samu. Sauran kuwa sai mun bi iyalan mamatan gida gida. Nan na turje. In je in ƙwanƙwasa wa gwauruwa ƙofa, in tayar mata da mutuwar mijinta saboda fanshona? Maman Alheri ta ce, "Kunyar nan ce ta kai mu inda muke. Sa takalminka."

Muka hau jirgin ƙasa na layin D ni da Saje, muka sauka a titin Grand Concourse. Wasu sun ƙaura, wasu matan sun bi mazajensu lahira. Wani ya ba mu bidiyon jana'izar babansa. Sai muka hau wani dogon bene wurin wata tsohuwa mai jin Sifaniyanci, Turancinta kaɗan ne. Ta buɗe ƙofa da sarƙa a maƙale, ta dube ni, ta sake dubana. Sai ta cire sarƙar, ta kama hannuna ta ja ni har falo.

A bango, kusa da hoton aurenta, ga ni nan. Ina durƙushe cikin kaki, ina miƙa mata tuta. Ta ce tun ranar, duk Lahadi sai ta yi wa sojan nan addu'a, amma ba ta san sunansa ba, sai dai ta ce wa Allah, "wannan na bango." Shekara da shekaru wata baiwar Allah tana ambatona a gaban Ubangiji, ni kuwa ina can ina cewa an manta da ni! Ta ciro hoton da hannunta, ta haɗa da takardar tsarin jana'izar mai kwanan wata, ta ce in je da su.

Muka tattara muka aika. Jira ya fi shekara, amma wannan karon ban yi wa fasinja ko ɗaya tsawa ba, ku tambaya. Watan jiya amsa ta zo. Maman Alheri ce ta buɗe, ta ƙwala ihun da maƙwabcinmu Alhaji, mutumin Kumasi, ya fito da gudu yana cewa, "Madam, faya ne, gobara? In kira ambulan?" An gyara bayanan. Shekara ashirin cif! Asibitin matata ya tabbata.

Ku samarinmu masu kaki, ku je jana'iza saboda Allah, amma ku cike takardarku, kada ku yi irin tawa.

Ran Talata na mayar wa tsohuwar nan hotonta. Ta rataye shi a inda yake, ta juyo ta ce in faɗa mata sunan a hankali. Na ce Bitrus. Ta maimaita har ya zauna a bakinta, ta ce daga Lahadin nan da suna za ta roƙa.

Na gode wa Ubangiji, na gode wa Yesu. Kai da ke zaune a nan kana ganin wahalarka ta tafi a banza, kada ka fid da zuciya. Ka durƙusa ko gwiwa na ciwo, ka gaya masa yadda abin yake, ka dogara gare shi. Ku tashi ku taya ni yabonsa. Amin!