Sunan Likita

A bencin jira na wani asibiti a Buza, Sanda makiyayi ya dubi tsohuwar da ke gefensa.

"Baiwar Allah, wai yarinya za ta duba ni? Gara in koma Karofane da tarina. Da likita guda munka sani, mai furfura, can Madawa."

"Zauna, Malam. Yanzu huɗu gare mu, uku mata. Wagga kuwa hannunta da albarka."

"Mi sunanta?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Sai Sanda ya tuna tun safe take barin kowa ya wuce gabanta.

"Ashe ɗiyarki ta fari ce."

"Ni ban ce ba. Lahiyata lau. Zuwa nike in ji ana kira."

Daga ciki aka ce, "Likita Ikram." Tsohuwa ta gyara zama.